Hanjin Agogon Malam Ilu

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ina goyon Talatu, ita ce shekarar da taubashina Malam Ilu ya bar Gwaram ya kafa teburin gyaran agogo a kasuwar Birnin Kudu. Ban yi boko ba, amma ba a taɓa kama ni da kuskuren shekara ba. Bara ya rasu, ya bar min gwangwani cike da hanjin agogo, watau injin ciki, babu gida babu fuska. Ɗana Sani ya dame ni in bari a sa musu sabon gida a sayar. To ku da kuka san Ilu, ku ji.

Kun tuna ɗaya daga cikin hanjin nan yake naɗewa a auduga ya soke a hula. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ciro ya kara a kunne, sannan ya ɗaga kai ya dubi rana.

Na ce, "Ilu, wannan abin ko hannu ba shi da shi, me yake gaya maka?"

Ya ce, "Hajo, shi tafiya ce aikinsa. Surutu naki ne."

Wani Alhaji mai motocin haya ya taɓa kawo masa agogo rawaya, sai walƙiya yake, wai a faɗa masa darajarsa. Ilu ya ɓalle bayansa, ya ga roba da batir, ya mayar ya rufe a hankali.

"Alhaji, gidan dai na sarauta ne. Amma ɗan haya ne a ciki."

Shi kuɗin agogo a wurinsa jajayen duwatsun nan ne ƙanana na cikin inji. Ya ƙirga su, ya saurari bugun, shi ke nan. Gida kuwa ya ce riga ce, ko ɓarawo yana da ita.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, ina zaune likita ya ɗora masa abin sauraren ƙirji, ya ce zuciyar tana tsallake bugu.

Ilu ya ce, "Tun tana sabuwa haka take. Ara min abin nan in ji nawa na hula, shi ne abin damuwa."

Likitan ya ara masa kuwa.

Bayan arba'in Sani ya kawo min wani dillali daga Kano. Ya maƙala gilashi a ido, ya baje gwangwanin a faifaina, ya ware guda uku gefe.

Ya ce, "Inna, sauran tarkace ne, sai dai a ciri kayan gyara. Ukun nan tsofaffi ne na gaske. In an sa musu gidan zamani za su shiga kasuwa, amma wanda ya san abin zai raina su. Da gidansu na asali yana nan, azurfa ce, kowanne sai ya sayi babur. Ina gidajen?"

Sani ya ce, "Wa ya sani?"

Ni na sani. Lokacin bikin Talatu ba ni da abin sa wa a hannu, Ilu ya je wurin maƙerin farfaru ya dawo min da awarwaro uku, ya ce in daina yawo kamar muciya. Ban taɓa tambayarsa inda matsolo irinsa ya samo azurfa ba. Ashe gidajen ya sa aka narkar, babura uku na yi shekaru ina wanke-wanke da su.

Na ja mayafi na rufe hannuna. Na ce, "Malam, tattara min kayana. Suna da gida."

Sani har yau yana fushi. Ya yi ta yi. Kowace safiya ina murɗa na hular, in kara a kunne, in dubi rana.

Cikin waɗanda suka zauna a bencin teburin nan, saura Ɗanjuma tela, da ba ya gani sosai, da Inna Kulu mai ƙosai a Kangire, sai ni. Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa bakinsa, ya sa kabarinsa ya fi kowane gida faɗi. Amin.