Littattafan da Na Karanta wa Kawu

Da faɗa ya kore mu daga Madani, ƙauyen kawuna muka nufa, kusa da Rusairis. Makarantar da nake koyarwa an rufe ta, ba ni da aikin yi sai zama. Wata ranar kasuwa na hau hafila, wato motar bas, zuwa gari, na tarar da wani mutum ya baza tsofaffin littattafai a kan buhu. Na ɗebi na labaran kisa da bin sawun masu laifi, ya yi mini gyara da wani siriri na koyon kiwon tattabaru. Duk na Larabci ne.

Kawu idonsa ya yi rauni, ya daina zuwa gona. Bayan la'asar sai ya kira ni ƙarƙashin rumfa, in karanta, in juya masa da Hausa. Ni dai labaran kisan sun kama ni ƙwarai. Mai binciken ba ya gajiya, kuma kowace mutuwa tana da dalilin da za a gano kafin shafin ƙarshe. A lokacin ina bukatar irin wannan, domin maƙwabcinmu na Madani ya fita sayen gawayi bai dawo ba, har yau babu wanda ya san abin da ya same shi.

Wata rana muna tsakiyar wani littafi, an tsinci gawa a bakin ruwa, labari ya wuce wajen 'yan sanda. Kawu ya ɗaga hannu.

"Dakata, ɗana. Wanga mutum, wa ya yi mashi salla?"

Na duba gaba, na duba baya. Na ce marubucin bai faɗa ba. Ya tambaya ko mutumin yana da uwa, nan ma babu bayani. Sai ya ce in ajiye wannan in ɗauko na tattabaru. Na ƙarasa littafin ni kaɗai daga baya, amma bai yi mini daɗi kamar da ba.

Na tattabarun ba shi da armashi. Yadda ake gina ɗaki, irin hatsin da ake ba su, maganin ƙwarƙwata. Har ya kawo zancen abincin kanti da ba mu taɓa gani ba. Duk da haka muka bi abin da za mu iya. Na kwaɓa laka na jera tsofaffin tukwane a bango, kawu yana zaune yana ba da umarni. Muka sayo tattabaru a ƙauyen gaba. Kyanwa ta ci ɗaya, biyu suka koma gidan mai su, sauran suka zauna.

Kafin su yi ƙwai ganin kawu ya tafi gaba ɗaya. Kukansu kawai yake ji. Ranar da aka ƙyanƙyashe na farko, na ɗauko shi a hankali na sa masa a tafin hannu. Ya shafa shi da ɗan yatsa ya daɗe.

"Ko gashi babu," in ji shi. "Mayar da shi wajen uwarsa kada sanyi ya kama shi."