Ramar da Na Shuka a Setapak

Lokacin kullen korona ina zaune a ƙasar waje, a unguwar Setapak, na shuka rama a barandarmu, damshi ya sa fumfuna ta rufe ganyen. Maƙwabcina, wani tsoho ɗan ƙasar, ya leƙo ya zaci wiwi ce. Ya shafa wuyansa, don a can rataye mai wiwi ake yi. Haushi ya hana ni yi masa bayani.

Washegari ya miƙo mini ruwan wankin shinkafa da ya yi tsami, ya nuna in riƙa fesawa. Ganyen ya warke. Ranar da na kwaɗa ramar zan kai masa, motar asibiti ta riga ni. Bai dawo ba.

Har yau tsamin nan na bina. Ya rasu yana rufa mini asirin laifin da ban yi ba.