'Yar Fasto da Lemo na Shida

Har ta yi furfura ana kiranta 'Yar Fasto, sunan da ba ta taɓa so ba. A cocin Metodis ta tashi, inda ba a barin fasto ya daɗe wuri ɗaya. Shekara uku ko huɗu, babban taro ya zauna, takardar canjin wuri ta iso, sai ɗaure kwalaye. Ita kuwa tun tana ƙarama Allah ya ɗora mata son shuka lemo. Duk gidan da suka sauka, sai ta tona rami a bayan kicin, ta yi ta ɗawainiya da ruwan wanke-wanke. Bishiya biyar ta shuka, ko ɗaya ba ta ɗanɗana ba, 'ya'yan wasu fastocin ne suka sha.

"Baba, wai mu ba mu da gida ne?"

"Inda aka aike mu, nan ne gida," in ji shi, yana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Amsar nan ta fi komai ƙona mata rai.

Ba ta bar coci ba, waƙoƙin littafi ma har lambobinsu ta haddace. Amma auren fasto kam, ta ce ko a mafarki. Ɗaliban tauhidi biyu ta fatattaka. Ta zaɓi wani tela, don keken ɗinkinsa sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Suka gina ɗaki biyu nasu na kansu, ta shuka lemo na shida.

Shekarar da lemon ya fara 'ya'ya, telan ya shigo da rana riƙe da ambulan, yana murmushin marar gaskiya. Ashe ɗan wa'azin da yake taɓawa ranar Lahadi ya kai shi neman aikin fasto a ɓoye, an kuma karɓe shi.

"Uwar yara, kira ne, ba yin kaina ba."

"Kiran bai san hanyar gidan kowa ba sai nawa? Yaushe za mu tashi?"

"Ƙarshen wata."

Lemon kuwa sai nan da wata uku zai nuna. Ta fita bayan kicin, ta tsinki ɗaya, kore shar, bai fi ƙwan zabo ba. Ta gatsa har da ɓawo. Ɗaci ya sa ta hawaye, amma sai da ta cinye tas.

Ta dawo tana goge baki.

"To, Fasto. Je ka nemo kwalaye."