Zanen Gadon da Ya Dawo Sau Biyu

Ƙofata da ta Awatif suna kallon juna a hawa na uku na wani tsohon bene a garin Mahalla na ƙasar Masar, shekara ashirin da shida ke nan. Na san tarinta, na san ƙarar takalminta a matakala, na kuma san in ta ce a'a, gara mutum ya nemi kujera ya zauna, don ba yanzu za a gama ba.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a masaƙa tana kalmasa bakin tawul. Da ta yi ritaya kowa ya zaci za ta dawo baranda tana tsinke ganyen lalo kamar mu. Ina! Tsohon keken ɗinkinta mai feda ta jawo, ta fara ɗinka zanen gado na amare, mai ado da zare a gefe. Ta sayi waya, ta yi mako biyu tana zaginta har ta iya, ta buɗe shafi a dandalin saye da sayarwa na intanet.

A kan shafin aka fara rigima. A wajenmu mace in ta haifi namiji, sunanta ya shiga akwati ke nan. Ni Ummu Sharif ce, kuma rabin benen nan ba su san wani sunan nawa ba. Namiji ba ya faɗin sunan uwarsa a waje, kuma in baƙo ya kama sunan a bakinsa, faɗa ne. Ita kuwa Awatif ta rubuta nata ɓaro-ɓaro a saman shafi: Awatif Abdul-Maksud. Ɗanta Midhat ya hawo benen yana haki.

"Umma, yanzu kowane gardi a Masar zai riƙa karanta sunanki a wayarsa? Ki sa Ummu Midhat mana!"

"Kai ka ɗinka?"

"Ba maganar ɗinki ba ce."

"Shekara talatin da ɗaya ana kiran sunan nan kowace safiya a ƙofar masaƙa, gaban maza dubu. Da shi aka saya maka takalmin makaranta. Tashi, ka zauna mini a kan yadi."

Ba zan ɓoye ba, a ranar nan, bayan Midhat na goya. Na ce mata tsufa ya zo mata da rashin kunya. Ta ce in ƙara sukari a shayin.

Ɗinkinta ya karɓu. Abin da ya hana ta sakat shi ne kamfanin kai saƙo. A ce mai ɗaukar kaya zai zo da hantsi, sai bayan la'asar, ya tsaya a ƙasa yana danna hon, mace mai ciwon gwiwa ta sauko masa hawa uku da ƙunshi a ka. Ga kuma dokar dandalin: in kaya suka dawo wa mai sayarwa sau uku a wata ɗaya, a rufe shafinsa, ba a tambayar laifin wa. Shafin nan kuwa shi ne shekara huɗu na ɗinkinta, da yabon amare sama da ɗari biyu a ƙarƙashin sunanta. In an rufe, duk ya tafi.

A watan da nake ba da labari, wata yarinya mai suna Rihab, daga Damanhur, ta sayi zanen gado fari mai furen lemo, na kayan ɗakinta. Da katin shaidar mahaifiyarta aka yi rajista, don haka sunan da ke kan ƙunshin Nabawiyya Rizƙ ne, lambar waya kuma ta yayan Rihab, tunda shi ne namijin gidan. Awatif ta goge zanen, ta naɗe, ta aika. Bayan kwana biyar ya dawo, an rubuta a kai: ba a san mai karɓa ba. Ta sake aikawa. Ya sake dawowa da rubutu iri ɗaya, kwalin ya lotse, har da sawun takalmi a gefe.

Rihab ta rubuta a shafin, inda kowa ke gani: "Babu wanda ya zo gidanmu. Matar nan ba ta aiko komai ba." Dandalin kuma ya turo gargaɗi cewa saura ɗaya.

Na ga Awatif ta karanta saƙon sau uku. Ta kira dandalin, na'ura ta yi ta ba ta haƙuri. Ta kira kamfanin, wani ya ce, "Hajiya, abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru." Midhat ya ce ta soke cinikin ta huta. Ni na ce ta kai da hannunta. Ta ce in ta kai da hannu ba a lissafa shi a dandali, sai wanda kamfani ya kai.

"To me za ki yi?"

"Zan sake aikawa. Amma wannan karon tare za mu tafi, ni da shi. Ki nemo takalmin da ba ya matsa miki."

Ranar Talata ta ba da ƙunshin, ranar Alhamis da sassafe muka hau mota zuwa Tanta, muka kama jirgin ƙasa zuwa Damanhur. Duk hanya ina mita, tana cin gurasa da cuku. A rumbun kamfanin muka tarar da kwalaye jibge har rufi, da wani mai ƙaton ciki da ya ce ba a shiga. Awatif ta zauna a kan wani kwali a bakin ƙofa, ta ce ba shiga za ta yi ba, jira take. Awa biyu tana zaune tana gaida duk wanda ya wuce da cikakken sunanta, har suka gaji suka fito mata da mai rabon unguwar, wani dattijo siriri mai suna Sabri.

"Wallahi, Hajiya, na je," in ji Sabri. "Sau biyu. Na tambayi mai shago, na tambayi mai guga, kowa ya ce babu mai wannan sunan a lungun. Na kira lambar, na ce ina neman Nabawiyya Rizƙ, wani ya zage ni tas ya kashe. Ƙunshi sittin nake rabawa a rana, in tsaya ina dambe?"

Awatif ta dube ni, na dube ta. Nan take muka gane, kuma ni kunya ta kama ni, don na san Sharif ɗina ma abin da zai yi ke nan.

Sabri ya ɗauko ƙunshin ya hau babur ɗinsa, muka bi shi a keke mai ƙafa uku. Lungun ƙunci ne da shi, shanya a sama, mata a baranda, maza a ƙofar mai shayi. Na ce wa Awatif a hankali mu tambayi gidan amarya Rihab, shi ke nan. Ta ce a takarda ba Rihab aka rubuta ba. Ta tsaya a tsakiyar lungun, ta riƙe ƙugu, ta buɗe muryar nan da ta saba tsallake ƙarar injinan masaƙa.

"Nabawiyya Rizƙ! Ina Nabawiyya Rizƙ?"

Lungun ya yi tsit. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wani ƙato ya taso daga wajen mai shayi, kujera ta faɗi a bayansa.

"Ke baiwar Allah, lafiyarki? Wa ya ba ki izinin kiran sunan nan a titi?"

"Kai ne mai kashe waya? Sannu, jarumi. Saboda kai zanen ƙanwarka ya zaga Masar sau biyu, ni kuma aka ce mini maƙaryaciya."

"Ni ban san na Rihab ba ne! Namiji ya kira ni yana ambaton... Ba ni, in sa hannu. Ummu Hamada ake ce mata, kowa ya sani."

Sabri ya ɗaga hannu zai miƙa masa, Awatif ta dafe ƙunshin. "A'a. Mai sunan za ta karɓa. Ba zan koma Mahalla gobe a ce ba ita ta karɓa ba."

Hamada ya fara rantse-rantse, maza suka taso suna ba shi haƙuri, suna harararmu. Ana cikin haka sai ƙofar wani gida ta buɗe. Wata tsohuwa gajeriya ta fito, hannunta duk gari, Rihab na biye da ita tana rufe baki.

"Umma, koma ciki!" in ji Hamada.

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zo gaban Awatif ta tsaya.

"Ke kika kira?"

"Ni ce."

"Tun da babana ya rasu ban ji an kira sunan nan daga sama har ƙasa ba. Ina cikin kwaɓa gari, na zaci a kaina nake ji." Ta juya ga Sabri. "Ni ce Nabawiyya Rizƙ. Kawo."

Ba ta iya rubutu ba, sai ta ja layi da yatsa a fuskar wayar Sabri, ta bar masa gari a kai. Wayar Awatif ta yi ƙara a jakarta: an isar da kaya. Ta duba, ta mayar. Rihab ta fara ba da haƙuri, Awatif ta ce haƙurin a shafi za ta rubuta shi, inda ta rubuta wancan.

Tsohuwar ta miƙa wa 'yarta ƙunshin, amma sai da ta sa Awatif ta nuna mata inda sunan yake a jikin takardar da ke manne. Ta ɓanɓare ta a hankali, ta ninke, ta tura cikin rigarta.

"Umma, kin tara mana jama'a," in ji Hamada, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu kowa ya ji."

"Su ji. Wanda bai ji da kyau ba ya zo in maimaita masa."