Sandar Rebeka da Filafilin Yuguda

Duk wanda ya zauna a Abbare a shekarun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ya san Sista Rebeka. In bai san fuskarta ba, to ya san muryarta. Doguwar mace ce 'yar Mumuye, ma'aikaciyar lafiya, ga faɗa kamar ta ari baki. Sai ta tsaya a tsakiyar layi ta wanke magidanci tas don ya bar kwatarsa ta toshe, da la'asar kuma a gan ta a gidan nasa tana duba matarsa mai ciki. Mutane na tsoron bakinta, amma in ciwo ya tashi ƙofarta ake bugawa.

Tana da ƙawa a Kasuwar Jalingo, Fanta mai kifin banda, wadda ke kawo kayanta daga Tungar Yuguda, wani tsibirin masunta a tsakiyar Binuwai. Wata rana a 1994 Rebeka ta lura Fanta na laluben kifi a tire da hannu tana ƙanƙance ido, ƙwaurinta duk ya yi dabbare-dabbare saboda susa. Ta san wannan cuta sarai: cizon baƙin ƙudan bakin kogi ne ke kawo ta, ta fara da ƙaiƙayi, ta ƙare da makanta.

"Tun yaushe idonka yake haka?" ta tambaya, don Hausar Rebeka ba ruwanta da mace ko namiji.

"Haba Sista, hayaƙin banda ne. A garinmu kowa haka yake tsufa."

"Kai ne tsoho? Hayaƙi ɗin banza!"

An yi sa'a a lokacin maganin ya iso jihar, kyauta, ƙwayoyi ne da ake sha sau ɗaya a shekara. Da can sai an ɗora mutum a sikeli kafin a san guda nawa za a ba shi, sikeli kuwa ba ya jure hanyar ƙauye. Sai masu bincike suka gano tsawon mutum kawai ya isa. Hukuma ta sa aka raba wa ma'aikata sanduna masu fenti kala-kala, mutum ya tsaya kusa da sanda, inda kansa ya kai shi ke faɗin rabonsa. Rebeka ta hana ofis sakat har sai da aka sa tsibirin cikin zagayenta.

Ranar da kwalekwale ya sauke ta, mutanen tunga suka tarbe ta da tabarma da gasasshen kifi. Ta yi musu bayani suna gyaɗa kai. Sannan ta zare sandarta ta kafa kusa da wata tsohuwa. Tsohuwar ta saki salati ta ja da baya, wurin ya yi tsit, kafin ka ce kwabo fili ya watse, sai ita da kaji.

Fanta ta ja ta gefe. "Sista, me kika yi haka? Mu nan ba a auna mai rai da sanda. Sai wanda za a haƙa wa kabari ake kawo wa kara a gwada tsawonsa."

Rebeka ta tsaya jikin sandar da kanta ta ce su duba, ai ba ta mutu ba. Wani ya amsa daga bayan zana cewa su Kiristoci ai da akwati ake binne su, abin bai shafe ta ba. Ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Fanta ma, ƙawarta, ta ƙi. Aka roƙe ta ta raba maganin da ka, ta ce ba za ta zuba wa mutane ƙwaya a ciki da kintace ba. Haka ta kwashe kayanta ta koma Jalingo tana huci.

Damina ta shigo, kogi ya cika, hanya ta yanke. Da Fanta ta sake bayyana a kasuwa, idonta na hagu ya riga ya tafi. Rebeka ta dube ta, ta kasa faɗan da ta saba, ta zauna a kan kwandon kifi ta yi kuka a gaban jama'a. Baƙin ciki ya cika ta, ga tsoro, don ido ɗaya ya rage, shi ma ya fara hazo.

Da ruwa ya janye ta koma tsibirin, sandar kuwa ta bar ta a bayan ƙofa. Abin da ta ɗauka zare ne da ta ƙulla daidai kowane fenti. Ba ta tara kowa ba. Kai tsaye ta wuce wurin Baba Yuguda, mahaifin Fanta, wanda ya kafa tungar, makaho tun shekaru masu yawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, abin da mutanen Abbare ba za su yarda ya faru ba ko da an rantse musu.

"'Yata, maganin nan zai dawo min da idona?"

"A'a, Baba. Wanda ya tafi ya tafi."

"Na Fanta fa?"

"Wanda ya rage, in Allah ya yarda, zai tsaya. Amma in ya ƙara shekara bai sha ba, ban sani ba."

Rebeka ta ɗaga kai ta hango dogon filafilinsa na tuƙin jirgi a soke cikin jinka, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta tambaye shi ko akwai laifi masunci ya tsaya kusa da filafili. Ya yi dariya ya ce wanda bai tsaya kusa da shi ba ai yunwa ce za ta kashe shi. Aka sauko da shi. Rebeka ta shimfiɗa zarenta a jikin icen, ta kama yatsan tsohon tana aza shi a kan kowane ƙulli, shi kuma yana sara tsaga da wuƙarsa.

Washegari da hantsi Baba Yuguda ya fito bakin ruwa ya kafa filafilinsa ya riƙe, ya ce a zo ɗaya bayan ɗaya. Wa zai ƙi kiransa? Mutum ya matso, tsohon ya dafa kansa, ya kai tafinsa jikin icen ya laluba tsagar, ya faɗi rabonsa da ƙarfi. Rebeka na gefe da tulun ruwa tana miƙa ƙwayoyi, tana gargaɗin cewa jiki zai yi ƙaiƙayi kwana biyu kada kowa ya firgita. Ranar ko mutum ɗaya ba ta yi wa tsawa ba.

Fanta ce ta zo ƙarshe. Uban ya miƙa hannu ƙasa-ƙasa, daidai inda kan ƙaramar yarinya zai tsaya, ya taɓo gwiwar hannunta. Ya yi sama a hankali, kafaɗa, kunne, har ya kai ɗankwalinta. Hannunsa ya daɗe a wurin. Rebeka ta zuba mata ƙwayoyin a tafi, ta tsaya a kanta har ta haɗiye.

"Fanta," in ji tsohon, "ashe haka kika yi tsawo?"