Goga, Mijin Mai Sabulu

Shagon facina yana manne da rumfar da ake liƙa wa motoci sitikar talla, katanga ɗaya ce ta raba mu. Shi ya sa na san Goga tun yana da gashi a tsakiyar kai. Sunan ya samo shi ne daga 'yar robar nan mai faɗin tafin hannu da yake goge leda da ita a jikin mota har ta kwanta kamar fenti. Kullum tana aljihun rigarsa, ko asibiti za shi dubiya.

Da can mai fenti ne, da burushi yake rubuta sunayen shaguna a allo. Da injin buga sitika ya shigo gari, abokan sana'arsa suka zauna suna zagin injin, shi kuwa ya ture gwangwanaye gefe ya je ya koyi liƙi. Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Sai an wanke mota tas, an bi kowane lungu da tsumma, don ƙwayar yashi ɗaya takan tsaya a ƙarƙashin leda kamar ƙurji. Sannan a ɗaga ledar a riƙe ta da maganaɗisu, a ja da baya a duba, a fara ɓare takardar bayanta kaɗan-kaɗan ana gogewa daga tsakiya zuwa gefe. Inda jikin mota ya lanƙwashe, a hura wa ledar zafi ta yi laushi ta bi. Goga yana bin bakin ƙofa da reza ba ya taɓa fentin da ke ƙasa. Maigidan rumfar yakan ce ko an ɗaure masa ido ba zai kauce da faɗin yatsa ba.

Matarsa, wadda yake kira Maman 'yan biyu, ta fara haɗa sabulun ruwa ne a tsakar gida, cikin tsofaffin bokitan fentinsa. Shi ya kankare mata su. Shi ya yanka mata sitikar farko ta jikin kwalba daga ragowar leda. A lokacin da alfahari yake faɗa mana, har yakan kawo mana kwalba ɗai-ɗai mu wanke baƙin mai daga hannu. Sai sabulun ya karɓu. Daga maƙwabta ya koma shaguna, daga shaguna ya kai ga masu wankin mota da gidajen abinci. Ta kama shago, ta ɗauki mata suna cika kwalabe. Tun daga nan Goga ya rage kawo zancen sabulu.

Wata rana wani direba ya tsaya a bakin rumfar ya ce yana neman mijin Mai Sabulu, an ce masa ya iya liƙi. Goga yana durƙushe a gindin wata bas, bai ko ɗago ba.

"Babu mai wannan suna a nan," in ji shi.

Da ta sayi motar kai kaya, fara, mai ƙofar gefe da ake ja ta zame baya, rumfarsu ta kawo ta. A cikin rumfar akwai wani ɗan ɗaki na gilashi mai sanyi, inda matashin da ke tsara talla a kwamfuta yake zama. Mai Tabarau muke ce masa. Shi ya ba ta shawara.

"Anti, ki sa hotonki. Mutane sun fi yarda da sabulun da suka ga fuskar mai shi."

Ta je aka ɗauke ta hoto da shuɗin mayafi, tana riƙe da kwalba, tana murmushi. Ranar da ta kawo hoton, Goga yana aiki a kan wata motar ruwa, amma idonsa yana kan gilashin. Mai Tabarau ya buɗe fuskarta ta cika allon kwamfuta, yana gyara haske a kumatu, yana matsowa, yana ja da baya, ita kuma tana gefensa a kujera tana dariya. Can sai ga Goga a shagona, ya zauna a kan taya.

"Mai faci, ka taɓa ganin an shafe rabin yini ana gyaran hanci ɗaya?"

Na ce, "Aikinsa ke nan, ai kai ma ka san haka yake yi wa kowa."

"Ni da na zauna da hancin nan tun kafin yaron ya iya saka wando, ban taɓa ganin abin gyara a jikinsa ba."

A gida ya gwada lallashi. Shi da kansa ya ba ni labari daga baya. Ya ce mata kwalbar kaɗai ta isa, a yi ta babba, a sa lambar waya a ƙasa. Ta ajiye abin da take yi ta dube shi.

"Baban 'yan biyu, matan mutane nawa ka liƙa a motoci? Mai tallan madara, mai tallan waya, mai tallan katifa. Su ba su da maza ne?"

"Waɗannan ban san su ba."

"To ni ka san ni, sai ka fi kyautata aikin."

Ledar ta fito daga inji, fuskar ta kai tsayin ƙirjin mutum. Mai Tabarau ya tsara ta zauna a can baya, inda jikin motar yake shafe babu ƙofa. Ina tsaye a bakin shagona na ga Goga ya ɗaga ledar ya kafa maganaɗisu daidai inda aka tsara. Ya ja da baya ya tsaya kallo. Wasu masu babur da ke jiran faci a wurina suka juya su ma suna kallo, ɗaya ya ce, "Wannan Hajiyar akwai kyau." Bai san ko matar wa ce ba. Goga ya daɗe a tsaye. Sai ya koma ya cire maganaɗisun, ya jawo ledar gaba, har bakin ƙofar ja ya zo daidai tsakiyar hancinta.

Mai Tabarau ya fito da sauri. "Baba Goga, ba a nan na tsara ba."

"Kai kwamfuta ka sani, ni mota na sani. Akwai lotsawa a baya, leda ba za ta kwanta ba."

Babu wata lotsawa. Ni na canza wa motar tayoyi, na san jikinta. Amma wa zai yi wa Goga gardama a kan liƙi? Ya goge, ya hura zafi, ya sa reza ya tsaga fuskar daga goshi zuwa haɓa. In ƙofa tana rufe, ba ka ganin komai sai siririn layi. In aka ja ta, sai ta koma baya ta rufe rabin fuskar, ya rage ido ɗaya da rabin murmushi.

Da ta zo karɓar mota, ta zagaya ta, ta ja ƙofar, ta rufe, ta sake ja. Duk muna tsaye. Ba ta ce komai ba sai "Sannu da aiki." Ta ba direbanta makulli suka tafi.

Motar kai kaya kuwa ƙofarta a buɗe take yini. Ba a jima ba masu dako a kasuwa suka sa wa sabulun suna Mai Ido Ɗaya. Abin ya bi gari har makarantar 'yan biyun, 'yan mata ne da suka fara tasowa. Suka dawo gida rai a ɓace, ɗaya ta ce wa ubanta 'yan ajinsu suna rufe ido ɗaya da hannu in sun gan su. Goga ne ya ba ni wannan labarin ma. Da yaran suka shiga ɗaki, matar ta ce masa, murya ƙasa-ƙasa:

"Da wani ne ya liƙa, sai in ce kuskure ne."



Duk da sunan banza, sabulu bai daina tafiya ba, ta sayi mota ta biyu. Mai Tabarau ya buga mata ledar, ta nannaɗe ta ta sa a mota, ta tsallaka titi zuwa rumfar Dogo. Dogo shi ne abokin hamayyarsu, matashi ne mai surutu, yana aiki rediyo na kaɗawa. Daga shagona ana hango rumfarsa sarai in babbar mota ba ta gitta ba.

Ban taɓa ganin Goga kamar ranar ba. Ya bar motar mutane rabi a liƙe, ya zo ya zauna a kan tayata. Muna kallo Dogo ya ɗaga fuskar ya kafa ta a baya inda ya kamata. Ya fara gogewa daga tsakiya. Ya bi goshi, ya bi kumatu, inda iska ta taru ya sa tafin hannu ya danne ya shafa, yana rera waƙar da ke rediyo. Goga ya zaro robarsa daga aljihu yana lanƙwasa ta har na ji tsoron za ta karye.

"Dubi yadda yake jan ledar. Za ta yage."

Ba ta yage ba.

"Zafin ya yi yawa. Zai ƙona mata mayafi."

Bai ƙona ba.

Na ce masa ya koma bakin aikinsa, ya ce ƙafarsa ce ke ciwo. Na saya masa shayi ya huce a ƙasa bai taɓa ba. Da Dogo ya gama, Goga ya miƙe ya tsallaka titi, wai zai aro reza. Mutumin da ke da reza kwali guda a akwatinsa. Na hango shi yana zagaya motar, yana bin bakin leda da babban yatsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin ƙofa, ya duba wajen murfin tankin mai. Dogo yana biye da shi yana zuba. Ya dawo ya zauna.

Na ce, "Yaya?"

Ya mayar da robarsa aljihu. "Yaron ya iya."

Ina jin wannan ya fi komai ci masa rai. Da ya samu ƙurji ko ɗaya a jikin ledar, da ya samu abin riƙewa ya kai gida.

Kwanaki kaɗan bayan haka ya shiga ɗakin gilashin, abin da ba ya yi. Ya ce wa Mai Tabarau ya sake buga masa gefen motar farko. Yaron ya buɗe baki zai yi magana, Goga ya ce, "Buga kawai." Ranar da ba a fita kai kaya, ya karɓi makulli a hannun direba ya kawo motar. Cire tsohuwar leda ya fi liƙa sabuwa wahala, musamman wadda rana ta gasa. Sai an hura zafi ana ja a hankali, tana tsinkewa, tana barin danƙo. Kan yatsunsa duk suka yi ja. Na ce in taya shi, ya ƙi. Ya wanke danƙon, ya kafa sabuwar a baya, ya goge ta ba ya magana da kowa.

Da yamma ta zo da 'yan biyun. Ta ja ƙofar, fuskar ta ɓuya gaba ɗaya a bayanta, ta rufe, fuskar ta fito cikakkiya. Ta shafa jikin motar a wajen baya.

"Ashe lotsawar ta warke," in ji ta.

'Yan matan suka ƙyalƙyale da dariya. Goga ya sunkuya yana tattara guntayen leda da babu su a ƙasa.

Kada ka ce daga nan ya warke. Mota ta uku ma Dogo aka kai wa, ta ce wai rumfarsu Goga ta cika a makon. Liƙin allon shagonta da na ƙaramin baburinta mai akwati su ta ba shi. Ya karɓa, amma ya yi mako yana lissafa mini faɗin ledar da Dogo ya samu da wadda shi ya samu. Har yau in motar sabulu ta tsaya a danja, ba motar yake kallo ba, masu kallon motar yake kallo. Ya taɓa tsayar da wani mai rake da ya jingina baro da ita, ya tambaye shi ko katangar gidansu ce. In baƙo ya zo ya ce yana neman mijin Mai Sabulu, yanzu yakan amsa, sai dai sai ya gama goge layin da yake kai, ya ɗan ƙara wani, sannan ya ɗago.

Idonsa ya fara rauni, shi ma ya sa tabarau, muna tsokanarsa cewa rumfar ta samu masu tabarau biyu. Hannun dai yana nan yadda yake. 'Yan biyun sun gama makaranta, ɗaya tana riƙe wa uwarta shago, ɗaya tana koyon tsara talla a ɗakin gilashin, inda ubanta yake leƙawa a kai a kai wai yana neman almakashi.

Duk ƙarshen mako direbobin sukan jera motocin uku a ƙofar gida su wanke. An raba aikin ba tare da kowa ya faɗa ba. Su ne da tayoyi da gilashi da gaban mota. Gefen da hoton yake kuwa, Goga ne yake fitowa da bokiti da tsumma mai laushi, ya wanke na motar da ya liƙa, ya wanke na Dogo guda biyu. Wani sabon direba da bai san dawan garin ba ya taɓa miƙa soso wajen, Goga ya riƙe masa hannu.

"Bar nan. Sosonka yana da yashi."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Ta ce wa direban ya je ya wanke tayoyi, ta koma ciki.