Zogalen Malama Hureira a Bayan Bene

Duk wanda ya zauna a benenmu na Setapak ya san ƙarar bokitin Malama Hureira. Da an idar da sallar asuba take saukowa daga hawa na tara, wuƙa a hannu, ta nufi ɗan filin da ke tsakanin wurin ajiye motoci da lambatu. Shekara takwas tana wannan sintiri, tun da ta biyo mijinta Malam Maitama da ya zo karatu, karatun ya rikiɗe ya zama koyarwa. Mu kuwa masu ji da kanmu, 'yan digiri na uku, in mun zo wucewa sai tsokana: "Maman Bintu, har a Malesiya ma ba za a huta da noma ba?" Sai ta yi dariya ta ci gaba da aikinta.

Ba ta taɓa sayen dashe ba. Reshe ɗaya ta roƙa wajen wani tsoho Ba'indiye da ke rage wa zogalensa rassa a unguwar Wangsa Maju, ta shigo da shi bas ana kallonta. Shi ya zama babbar bishiyar da muke kira Uwa. Itacen da zai kama daga reshe ya ba da ganye cikin 'yan watanni, shi take nema: zogale, shuwaka, rogo. Takan yanki reshe mai kauri, tsawon kamu biyu, ta yi wa gindinsa yankan karkace don kada a dasa shi kai a ƙasa, ta bar shi a inuwa kwana biyu ya sha iska. Sannan ta haɗa ƙasa da yashi ta yi tudu, domin ruwan saman garin nan ba wasa, in ya kwanta a gindi reshen ruɓewa yake.

Sai ga korona, sai ga dokar kulle. 'Yan ayyukan da ɗalibai ke lallaɓawa da su suka tsaya cak. A nan masu tsokana muka yi shiru. Paulina, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ta ce mini, "Sati uku miyar matar nan muke ci ni da yarana. Ban roƙe ta ba fa, in buɗe ƙofa kawai in ga leda a rataye." Doka ɗaya Malama Hureira ta kafa mana a kan Uwa: "Ganye boleh, wato an yarda, ku tsinka iya buƙata. Amma jikinta kada wanda ya taɓa."

A shekara ta biyu cutar ta kwantar da ita, aka killace ta a ɗaki mako biyu. A daidai lokacin wani saƙo ya yi ta yawo a wayoyinmu, wai sassaƙen zogale in an dafa yana kare mutum. Ni ɗin nan, da karatuna da komai, na fara sauka da wuƙa da rana tsaka. Na ce ai ɗan kaɗan ne. Wanda ya biyo bayana ma haka ya ce. Kafin kwana goma mun zagaye gindin Uwa da sassaƙa, kuma bishiyar da aka yi wa haka ba ta tashi.

Maman Bintu, ke ce mai hannun dashe, ke ce kika ciyar da bene guda ba tare da kin tara kowa ya gode miki ba. Tagar ɗakinki filin take kallo. Daga baya Malam Maitama ya faɗa mini kina tsayawa a jikinta, ba ki da numfashin da za ki ɗaga murya. Kin ga kowa da wuƙarsa, har yau kuma ba ki kama sunan kowa ba. Wannan shirun ya fi faɗa ciwo, kuma ina jin kunyarsa.

Ranar da ta fito ba ta tsaya jimami ba. Ta sare rassan da ke da sauran rai, goma sha biyu, ta dasa a tsofaffin bokitan fenti. Bakwai suka kama.

Ƙarshen watan nan za su koma Zariya. Shekara guda ina ɗaga zuwa neman gafara, sai jiya na hau hawa na tara. Ban gama kame-kamena ba ta miƙo mini bokiti.

"Malam Abdussalam, wannan ɗan Uwa ne," ta ce. "Riƙon wuƙa dai ka iya, na gani. Saura ka koyi inda ake yankawa."

Mun gode, Malama Hureira. Allah Ya kai ku gida lafiya, Ya sa kowane ganye a mizani. Mu da muka rage, bokiti shida na nan suna jiran masu ɗauka, filin ma yana nan. Wanda ya taɓa cin miyar nan ya sauko ya dasa. Nawa ya zo mini da sabon toho guda huɗu, ban taɓa ko ɗaya ba.